Kisan Satiru na 1906: Yadda Jinin Turawa Uku Ya Cinye Gari Guda

Ranar Laraba 14 ga Fabrairu 1906, a wani gari da ake kira Satiru, mil 14 kudu da birnin Sakkwato, manoma masu gatura da fartanyu da kwari da baka suka kashe Turawa uku da sojojinsu baƙar fata 25. Turawan su ne muƙaddashin Razdan na Sakkwato, Preston-Hillary, da mataimakinsa Scott, da Laftanar Blackwood mai riƙe da rundunar. Bayan kwana 24, ranar Asabar 10 ga Maris, soja suka koma garin da cikakken shiri. An kashe mutanen da aka ƙiyasta sun kai 2,000, an koro mata da yara wajen 3,000 zuwa birni, Satiru ta zama kufai.

Wanda ya ji labarin a gurguje yakan ɗauke shi faɗan 'yan ƙasa da Nasara, shi ke nan. Da gaskiya a ciki, sai dai ba ta cika ba. Mai wannan fahimta ba zai iya faɗin abin da ya sa dawakin Sarkin Musulmi suka rufa wa sojan Turawa baya a ranar 10 ga Maris ba. Ba zai iya faɗin dalilin da ya sa a majalisar Sarkin Musulmi aka yanke wa jagoran Satirawa hukunci, a kasuwar Sakkwato kuma aka zartar ba. Bakin da ya tsine wa duk mai sake zama a wurin ma ba na Bature ba ne. Kafin a gane waɗannan abubuwa sai an ja da baya, an bi al'amarin daki-daki.

Mu fara da faɗuwar birnin. Ranar Lahadi 15 ga Maris 1903 sojan Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka kara da rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu a filin Giginya. Karon bai daɗe ba, bindiga mai ruwa da igwa suka raba gardama. Sarkin Musulmi ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a suka yi ta ɓallewa daga garuruwa suna bin sa, har aka rutsa da shi a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da sauran jama'a har Sudan, garin da suka kafa yana nan da sunansa har gobe.

Waɗanda suka zauna kuwa, Waziri Muhammadu Buhari ne a gabansu. Ya shawarci malamai, aka tsaya a kan cewa ya halatta Musulmi su yi mu'amalar duniya da wanda ya fi ƙarfinsu muddin bai hana su Sallah da Azumi da sauran shika-shikan addini ba. Daga baya ya rubuta risala ya bayyana hujjarsa, alamar cewa abin ya dame shi. Ranar 21 ga Maris Gwamna Lugga ya tabbatar da Attahiru na Biyu, ɗan Aliyu Babba, a matsayin sabon Sarkin Musulmi. A jawabinsa ya fito fili ya ce ikon da aka samu da yaƙi a zamanin Shehu ya koma hannun Turawa ta hanyar yaƙi: naɗi da tuɓewa da ɗora haraji duk nasu ne. Ya kuma yi alkawarin ba zai taɓa addini ba.

A lura da halin da wannan ya jefa sabon sarki. Wata huɗu cur ana da Attahiru biyu, ɗaya a fada da sandar Bature, ɗaya a daji da tutar jihadi. Ko bayan Burmi, talaka bai manta wanne ne ya mutu a bakin daga ba. Saboda haka duk wanda ya miƙe da sunan addini ya ce shi ne mai gyara, kafin ya taɓa Razdan ya riga ya taɓa gadon Sarkin Musulmi.

Abu na biyu shi ne zancen Mahadi, wanda ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Tun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana raye mutane suka yi ta raɗe-raɗin ko shi ne Mahadin, ya musanta a rubuce, ya kuma gargaɗi jama'a kan masu da'awar ƙarya. Amma bai musanta cewa Mahadi zai bayyana ba, kuma an daɗe da imani a ƙasar Hausa cewa idan zamani ya lalace mutane za su kwarara gabas su tarye shi. Da Muhammadu Ahmad ya yi da'awa a Sudan a 1881, ya kuma ci Khartum a 1885, labarin ya iso nan ta bakin alhazai da fatake. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi masa mubaya'a daga Balda a ƙasar Adamawa. Malam Jibrilla Gaini ya kafa nasa sansani a Burmi. Wato tun kafin Bature ya taka Giginya, sarakunan daular suna fama da masu wannan kira, suna kuma kallon su 'yan tawaye. Faɗuwar birnin Shehu a hannun Nasara sai ta zame wa masu jiran Mahadi babbar hujja. In ba ƙarshen zamani ba, me zai kawo haka?

Abu na uku, wanda aka fi tsallakewa in ana ba da labarin nan, shi ne bauta. Masana sun ƙiyasta bayin da ke daular Sakkwato wajen 1900 tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi. Karkarar birnin cike take da rinji da gandayen sarakuna da attajirai, bayi ne ke noma su. Dokar da Lugga ya kafa a 1901 ta hana kamun bayi da cinikinsu, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu na wannan shekara ɗa ne, ta kuma ce kotun gwamnati ba ta san wani matsayi wai shi bauta ba. Amma ba ta haramta mallakar bawa ba. Ga yadda abin ke aiki a zahiri. Bawa ya ji an ce Bature ya hana bauta, sai ya sulale daga rinji da dare. Ubangidansa ba zai iya kai ƙara gaban joji ya ce a mayar masa da dukiyarsa ba. Sai dai Turawa da kansu suna tsoron kada gandaye su mutu, haraji ya karye, sarakunan da suke mulki ta hannunsu su talauce. Don haka ba a ba gudajjen bawa gona, ba a sakar masa fuska a bariki, ana tura shi wajen alƙali ya yi fansar kansa da kuɗi, ko ya koma ya riƙa biyan murgu har ya tara. An buɗe masa ƙofa da hannun dama, an tare ta da na hagu. Irin wannan mutum abin da yake nema shi ne wurin da dogari ba ya shiga.

Satiru irin wannan wuri ce. An kafa ta wajen 1894, zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman da ake yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, a tsakanin ƙasashen Danchadi da Dange da Shuni da Bodinga. Gari ne na malamai talakawa da almajiransu, waɗanda ba su ci a fada ba su sha a fada ba, suna kuma ganin malaman birni sun sayar da kansu. Gudaddun bayi suka yi ta shigowa, musamman bayan 1903, tare da talakawan da sabon haraji ya isa. Mutumin ƙasar Sakkwato ya saba da zakka, wadda ya san hukuncinta a littafi. Kuɗin da za a karɓa a raba da Nasara kuwa baƙon abu ne a wurinsa, kuma Satirawa suka ƙi biya.

A 1904 mai garin, Malam Maikaho, ya ce shi ne Mahadi. Sarkin Musulmi ya sa aka kamo shi, ya mutu a tsare kafin a yi masa shari'a, aka rantsar da mutanensa cewa za su zauna lafiya aka sallame su. Fada ta ɗauka magana ta mutu. Ɗansa ne ya gaje shi, sunansa Malam Isa, kuma ga mutanen da suka san cewa bayan Mahadi Annabi Isa ne zai sauko, wannan suna ba ƙaramin abu ba ne.

Wutar da ta kunna wannan busasshen kara daga yamma ta zo, daga ƙasar da Faransa ke mulki. A can Zabarmawa sun gaji da aikin tilas da ƙwacen hatsi da dabbobi don ciyar da soja. Wani malami makaho, Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makafo, ya tara jama'a a Kobkitanda kudu da Dosso, suka ƙi haraji a ƙarshen 1905. A watan Janairu 1906 sojan Faransa, tare da dawakin Zarmakoy Awta na Dosso, suka afka musu. An kashe hafsan Faransa a karon, amma an fasa garin. A cikin watan ne kuma mutanen Karma da ke bakin Kwara suka yi nasu boren. Ɗan Makafo ya tsere da wasu mabiyansa, ya tsallaka iyakar da Ingila da Faransa suka shata a takarda, wadda a lokacin ba ta hana kowa wucewa, ya sauka a Satiru. Da makaho baƙo da ɗan marigayi Maikaho suka haɗu, sai kowanne ya samu abin da ya rasa: ɗaya yana da gari da jama'a, ɗaya ya riga ya ga jinin Bature ya zuba ya san shi ma mutum ne.

Babbar Sallah ta wannan shekara ta faɗo a farkon Fabrairu. Ba a daɗe da sauka daga Idi ba Satirawa suka fara kiran ƙauyukan maƙwabta su shigo cikin al'amarin. Mutanen Tsomau suka ƙi. Ranar 13 ga Fabrairu aka afka musu, aka ƙone ƙauyen, aka kashe fiye da mutum goma. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin su ne jinin farko da ya zuba, kuma su ne aka fi mantawa da su. Rahoton Bature ya ambace su ne don ya samu dalilin fita, mai yabon Satirawa kuma yakan yi sauri ya wuce su don kada su ɓata masa labari. Manoma ne Musulmi da maƙwabtansu suka kashe saboda sun ƙi bin wata da'awa.

A daidai wannan lokaci Razdan na ainihi, Manjo Burdon, wanda ya ji Hausa ya kuma san fada ciki da waje, ya kama hanyar tafiya hutu. Riƙo ya faɗa hannun Hillary. Da labarin Tsomau ya iso, sai ya ɗauki rundunar da ke barikin Sakkwato, kimanin mutum 70, da Scott da Blackwood da likita Ellis, suka fita da safe. A zatonsa kamu zai je yi, ya karanta wa mutane laifinsu ya taso ƙeyar shugabanni.

Sai an san irin sojan nan kafin a gane yadda aka yi musu wannan ɓarna. Sojan ƙasa ne da ake ɗora wa doki don su yi saurin isa wuri. Ba a bisa doki suke faɗa ba. In an iso, sai su dira, wasu su riƙe linzamai, sauran su ja sahu mai kusurwa huɗu, kowane gefe yana fuskantar waje da bindiga, dawaki da hafsoshi suna tsakiya. Muddin sahun nan ya tsaya daram, mai mashi ba ya isa gare shi, harsashi zai kwantar da shi tun daga nesa. Da wannan dabara aka karya rundunar Kano da ta Sakkwato. Amma tana da sharaɗi: a gama jan sahu kafin abokin gaba ya iso, kuma kada a motsa.

A Satiru an karya sharuɗɗan duka biyu. Hillary ya yi gaba a kan dokinsa, shi da Scott, don ya yi wa mutanen magana. Jama'a suka fito daga gari da yawan da bai zata ba, kuma ba su tsaya sauraro ba, suka taho a guje. Blackwood ya ga Razdan yana waje ba kariya, sai ya nemi matsar da sahu gaba don ya rufe shi. Ana cikin wannan motsi, wasu sun hau wasu suna ƙasa, taron ya iso. Dawaki suka firgita da ihu, suka fizge linzamai, suka tattake masu riƙe da su, sahu ya watse. Daga nan bindiga ba ta fi sanda amfani ba, gatari da fartanya suka yi aikinsu. Bindiga mai ruwa da aka taho da ita ba a ko kai ga kafa ta ba, Satirawa suka ɗauke ta. Likita Ellis ya tsira da rauni. Sojan nan 25 da suka mutu, kada a manta, rundunarsu cike take da Hausawa, kuma a cikin masu shiga aikin soja a wancan zamani akwai tsofaffin bayi da yawa. Mai yiwuwa ne ƙwarai wanda ya sara da wanda aka sara daga irin rinji ɗaya suka fito.

Malam Isa ma ya samu rauni a ranar, bai kwana biyu ba ya cika. Jagoranci ya koma hannun Ɗan Makafo.

Makonni uku da suka biyo baya su ne zuciyar wannan labari, domin a cikinsu ne kowa ya zaɓi ɓangare. Burdon ya juyo da sauri ya tarar bariki kusan wayam. Lugga yana Zungeru, yawancin sojansa kuma ya tura su ƙasar Tibi saboda rikicin da aka yi a Abinsi cikin Janairu. Turawan da ke mulkin Arewa duka 'yan ƙalilan ne a warwatse, kuma babu wanda bai san yadda mabiyan Mahadin Sudan suka kashe Janar Gordon a Khartum ba. Da Sarkin Musulmi ya ɗaga yatsa a makon nan, da wuya Bature ɗaya ya fita daga lardin Sakkwato da rai.

Bai ɗaga ba. Ya aika wa Burdon da tabbacin goyon baya, Marafa Muhammadu Maiturare kuma ya taso daga Gwadabawa da dawakinsa. Wasu na kiran wannan cin amana, amma ni ina ganin hukunci ne da aka yanke cikin gaggawa, ba a duba abin da ke gaban mutumin ba. Da'awar Mahadi ba ta bar wa Sarkin Musulmi wuri ba: in Mahadi ya bayyana, sarautar kowa ta ƙare, sai mubaya'a. Malaman fada suna da rubutun Shehu a hannu kan masu da'awar ƙarya. Attahiru na Biyu ya san yadda aka yi a Giginya, ya ji abin da ya faru a Burmi, ya san in an kashe Turawa goma wasu ɗari za su zo da igwa. Sannan ga maganar da ba a cika faɗa da ƙarfi ba: Satirawa suna kiran bayi su bar iyayengijinsu, kuma bayan nasararsu sun kai hari garuruwan maƙwabta, har da Danchadi da Dange. Gandayen da ake watsewa daga cikinsu na masu riƙe da sarauta ne. Tsoron Allah da tsoron igwa da tsoron talauci duk suka nuna wa fada hanya ɗaya.

Talakan birni kuwa zuciyarsa ba ta bi fada kai-tsaye ba. Shaidar haka ita ce lokacin da Marafa ya jagoranci rundunar Sakkwato zuwa Satiru kafin isowar soja, mayaƙan suka ƙi dagewa, aka dawo ba a yi komai ba. Mutanen da suka ƙwace bindiga mai ruwa da fartanya, wa zai yarda ba su da wani asiri? Wannan ja da baya ya ƙara tsorata Turawa fiye da mutuwar Hillary, domin ya nuna musu cewa biyayyar sarki ba ita ce biyayyar ƙasa ba. Lugga ya ƙudurta cewa hukuncin da za a yi wa Satiru sai ya zama abin da za a riƙa ba jikoki labari.

Soja suka taru daga Zungeru da Kano da sauran barikoki, fiye da 500, ƙarƙashin Manjo Goodwin, da bindigogi masu ruwa da igwa. Ranar 10 ga Maris suka ja sahu a gaban garin, wannan karon ba wanda ya fita yin magana. Satirawa suka fito kamar yadda suka yi a farko, suka ruga kan sahun, harsashi ya zubar da su, suka sake taruwa suka sake rugawa. Da ƙarfinsu ya ƙare aka shiga gari da banati. Waɗanda suka gudu daji, sojan doki da mahayan Sakkwato suka bi su suna kashewa. Asarar da aka yi a ɓangaren gwamnati ba ta taka kara ta karya ba. William Wallace, mataimakin Lugga, wanda ya bi diddigin abin daga baya, bai ɓoye wa manyansa cewa kisan ya wuce iyaka ba.

An kama Ɗan Makafo da rauni. Burdon bai kai shi kotun Turawa ba, da gangan. An gurfanar da shi da wasu manyan mabiyansa a gaban shari'ar Sarkin Musulmi, aka yanke musu hukuncin kisa, aka zartar a kasuwa a bainar jama'a, aka kafe kawunansu a kan itace don kowa ya gani. Hikimar Bature a nan a fili take. Da soja ne suka harbe shi a bariki, da ya zama shahidi irin na Burmi. Da aka kashe shi a kasuwa da hukuncin alƙali, sai ya zama ɗan bidi'a da shari'ar Musulunci ta hukunta. Bayan haka Sarkin Musulmi ya tsine wa duk wanda ya sake gina Satiru ko ya noma gonakinta.

Matan da yaran da aka koro fa? An rarraba da yawansu a gidajen masu sarauta. A takarda an ce riƙo aka ba da su. Gwamnatin da ta shigo ƙasar da hujjar hana bauta ita ce ta tsaya ana raba mutane kamar ganima, cikinsu har da waɗanda suka gudo daga bautar tun farko.

A nan ne nake ganin ya kamata a auna abin da ma'aunin da fada da kanta ta yarda da shi, ba da na Turawa ba. Fiƙihun Malikiyya ya yi bayanin hukuncin Musulmin da suka fita daga ɗa'ar shugaba. An yarda a yaƙe su bayan an kira su su dawo sun ƙi. Amma manufar yaƙin ita ce a kawar da fitinarsu, ba a ƙare su ba. In an samu galaba an kuma amince ba za su sake taruwa ba, ba a bin wanda ya juya baya, ba a ƙarasa mai rauni, ba a bautar da matansu da 'ya'yansu, domin Musulmi ne. Hukunta waɗanda suka kashe mutanen Tsomau yana da madogara a shari'a. Farautar masu gudu a daji da rabon mata da yara ba su da ita. Abin da ya fi ciwo shi ne tarihin gidan Shehu da kansa. Cikin abubuwan da suka kai Shehu ga hijira zuwa Gudu a 1804 akwai harin da rundunar Sarkin Gobir Yunfa ta kai wa jama'ar Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana, ta kamo Musulmi ta ɗaure za ta mayar bayi. Shekara 102 ke nan tsakani.

Labari ya kai Landan, bai kuma yi wa kowa daɗi a Ofishin Mulkin Mallaka ba. Winston Churchill, wanda a lokacin shi ne ƙaramin minista a ofishin ƙarƙashin Lord Elgin, ya rubuta a fayil yana tambayar yadda za a kare shafe taron mutanen da kusan ba su da makami, alhali a daidai lokacin ana ta hayaniya a majalisa kan mutum 12 da aka yanke wa hukuncin kisa a Natal ta Afirka ta Kudu. Tambayar ta tsaya a fayil. Ba a hukunta kowa ba. Lugga ya ajiye aiki a cikin shekarar, aka ba shi gwamnan Hong Kong a 1907, ya dawo Nijeriya a 1912, ya haɗe Kudu da Arewa a 1914.

A cikin gida kuwa an yi sakayya, an kuma yi ramuwa. Sarkin Musulmi Attahiru ya samu lambar girma daga Sarkin Ingila. Sarkin Gwandu Muhammadu, da aka zarga da karkata ga Satirawa, an tuɓe shi. A watan Afrilu aka tura runduna Haɗeja, aka kashe Sarki Muhammadu, wanda Haɗejawa ke kira Mai Shahada. Kafin shekarar ta ƙare an cire Sarkin Katsina Yero an naɗa Muhammadu Dikko. Marafa Maiturare shi ya zama Sarkin Musulmi a 1915. Tsoron Mahadi kuma bai bar Turawa ba: a 1923 suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa suka kai shi Buea ta Kamaru.

Babban abin da Satiru ta haifar shi ne amincewa tsakanin bariki da fada. Kafin 1906 kowannensu yana kallon ɗayan a kaikaice. Bayan 1906 Bature ya gane cewa ba shi da katangar da ta fi sarki, sarki kuma ya gane cewa abin da ke barazana ga gadonsa daga ƙasa yake tasowa, kuma bindigar Bature ce ke tare shi. Tsarin mulki ta hannun sarakuna, da En'e da baitulmalinta da kotunanta da gidan yarinta, wanda ya riƙe Arewa har bayan samun 'yancin kai, a kan wannan fahimta ya zauna. Masanin tarihi R. A. Adeleye ya kalli Satiru a matsayin turjiya ga mulkin mallaka da ramuwar gayyar Turawa. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka ƙara da cewa bore ne na bayi da talakawa a kan Turawa da masu sarauta gaba ɗaya. Duk wanda ya bi abin da ya faru daga Tsomau zuwa kasuwar Sakkwato zai ga bayanin biyu ba sa karo da juna.

Nawa hukuncin shi ne wannan. Abin da ya faru ranar 14 ga Fabrairu yaƙi ne: mutane ɗauke da bindiga suka je gari, aka fi ƙarfinsu. Abin da aka yi wa Tsomau kisan kai ne. Abin da aka yi ranar 10 ga Maris bayan sahun Satirawa ya karye, shi ma kisan kai ne, sai dai ya ninka na farko fiye da sau ɗari, kuma hannun da ya aikata shi ba na baƙo kaɗai ba ne. Sunayen Turawa uku suna cikin kowane littafi da ya taɓo zancen. Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da Sashen Tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su tattara abin da ya rage a bakin dattawan Dange da Shuni da Bodinga da Danchadi, da na Zabarmawan Dosso, su fitar da shi da Hausa a ɗan littafin da ɗalibin sakandare zai iya saya, a sa Tsomau a babin farko.